Idan Mota Ta Kama Rawa Wajen Taka Birki

Duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari tsakanin Adjamé da Treichville ya san cewa a garin nan birki ya fi totur shan wahala. Tun daga titin Nangui Abrogoua, inda gbaka kan tsaya ba sallama domin ɗaukar fasinja, a gangaro Plateau, a hau gadar Houphouët-Boigny ko ta De Gaulle, har a faɗa layukan Treichville, da wuya direba ya yi tafiyar minti guda ƙafarsa ba ta koma kan birki ba. To, abin da ke shan irin wannan aiki kullum ba ya rasa ciwo, kuma ciwon da aka fi kuka da shi a garejojinmu shi ne rawa.

Ga yadda abin yake. Mota na tafiya lafiya lau, babu ƙara babu jijjiga, amma da zarar an taka birki da ƙarfi, musamman a kan babbar hanya, sai sitiyari ya kama karkarwa a hannu, ko takalmin birkin ya riƙa harbin ƙafa, wani lokaci ma motar gaba ɗaya ta ɗauki ɓari kamar mai zazzaɓi. Da an ɗaga ƙafa kuma sai ta yi tsit, kamar ba ita ba.

Wannan tsit ɗin shi ne ke yaudarar mutane. Wani ya ce ai halin motar ne, wani ya ce hanya ce, wani kuma ya kai wa mai faci ya daidaita masa tayoyi, ya biya, ya fito, rawa na nan. Da yake jama'armu da yawa da mota suke neman abinci, daga direbobin tasi da woro-woro, zuwa masu ɗauko goro daga Anyama, zuwa masu shirya doguwar tafiya gida ta Bouaké da Ouangolodougou har Yamai da Maraɗi, ya kamata kowa ya san abin da rawar nan take nufi. Gama mota ba ta rawa a banza. Wurin da mutum ya ji rawar shi ke nuna inda ciwon yake, kuma wanda ya iya saurare ya auna kafin ya sayi kaya, ya tsira da kuɗinsa da ransa.

YADDA BIRKI KE TSAYAR DA MOTA

A bayan kowace tayar gaba akwai wani faifan ƙarfe da ke juyawa tare da ita, wanda makanikan garin nan ke kira diski. Gefe da gefensa akwai wasu 'yan faranti biyu masu kaushi, su ne fulaket, suna zaune cikin wani muƙamuƙin ƙarfe da ake kira etiriye. Idan direba ya taka birki, man birki ne ke bin bututu ya tura muƙamuƙin, shi kuma ya matse faifan tsakanin farantan nan biyu. A tayoyin baya na yawancin ƙananan motoci kuwa, maimakon faifai sai a sami wata tukunyar ƙarfe, wato tambur, wadda ake tokare ta daga ciki.

Gudun da motar ke yi ba ɓacewa yake ba, komawa yake zafi. Mu ɗauki mota mai nauyin kilo 1,200 tana gudun kilomita 100 a awa. Idan aka tsayar da ita cak, zafin da birkinta zai haɗiye cikin daƙiƙa uku zuwa huɗu ya isa ya kai ruwa lita ɗaya da rabi ga tafasa. Kuma lissafin ba ya tafiya kai tsaye: in aka ninka gudu sau biyu, zafin sai ya ninku sau huɗu. Wato birki ɗaya a gudun 100 daidai yake da birki huɗu a gudun 50. Mafi yawan wannan nauyi kuwa tayoyin gaba ke ɗauka, domin nauyin mota kan zubo gaba lokacin tsayawa. Shi ya sa a doguwar gangara, ko da kaya fiye da kima, faifan gaba kan wuce digiri 300 na zafi.

DAGA INA RAWAR TAKE FITOWA?

Abin da aka fi ji a bakin makanike shi ne: "Faifai ya lanƙwashe." Amma a mafi yawan lokuta ba lanƙwasa irin ta murfin tukunya ba ce. Abin da ke faruwa shi ne kaurin faifan ya daina zama daidai, wani wuri ya ɗan fi wani tudu. Duk sa'ad da tudun ya zo wucewa tsakanin farantan sai ya buɗe su, ya mayar da man birki baya, direba ya ji bugu a ƙafarsa. A gudun kilomita 100 taya kan juya kusan sau 14 a daƙiƙa, saboda haka bugu 14 ke nan, abin da hannu ke ji a matsayin karkarwa. Bambancin kaurin da ke jawo wannan bai kai kaurin gashin kai ba, ido ba ya ganinsa, yatsa ma ba ya jinsa.

To, me ke ɓata kaurin faifai? Dalilan da aka fi gani huɗu ne.

Na farko, faifan bai zauna daram a mazauninsa ba. Idan aka ɗaura sabon faifai bisa tsatsa ko yashi, ko aka ɗaure notocin taya da bindigar iska wani ya fi wani tsauri, ko yaron gareji ya hau kan sifana da dukan nauyinsa, faifan zai riƙa juyawa a ɗan karkace. Da farko ba za a ji kome ba. Amma kowane juyi yana gogar farantin a wuri guda, bayan tafiyar 'yan dubban kilomita wurin ya cinye, rawa ta fito. Wannan shi ne asirin motar da aka sake wa faifai ta yi lafiya wata biyu ko uku, sa'annan ta koma gidan jiya.

Na biyu, zafi. Idan direba ya yi birki mai tsanani daga babban gudu, ya tsaya a danja ya ci gaba da danne birkin, farantin mai zafi kan bar shafensa a jikin faifan, kamar yadda dutsen guga ke barin tabo a tufafi. Wannan tabo ya fi sauran wurin kamu, sai ya zama tudu. Faranti mai arha, wanda ba ya jure zafi, ya fi saurin yin haka.

Na uku, muƙamuƙin da ya cije. Akwai wasu 'yan sanduna biyu da yake zamewa a kansu. In robar da ke rufe su ta yage, ruwa da laka suka shiga, sai su yi tsatsa, birki ya kama ya ƙi saki sarai. Tayar nan za ta yi ta tafiya da birki a jikinta, faifan ya yi ta gasuwa har ya yi shuɗi-shuɗi.

Na huɗu, tsatsa. Abidjan gari ne na bakin teku, ga laima, ga ruwan watan Yuni. Jan tsatsar da ke hawa faifai cikin dare ɗaya ba kome ba ce, birki biyu uku ke share ta. Amma motar da ta yi watanni a ajiye, ko ta daɗe a jirgin ruwa da filin tashar jiragen ruwa kafin ta sami mai saye, faifanta kan ci tsatsa ba daidai ba, domin wurin da farantin ya rufe dabam yake da sauran.

Ban da waɗannan, akwai ciwon da ba na birki ba ne, birki ne kawai ke tona shi. Idan gaɓoɓin sitiyari da ake kira rotil sun saki, ko robobin ƙafar mota, wato silanbulok, sun tsage, ko rulman taya ya yi wasa, to lokacin birki ne dukan nauyi ke faɗawa kansu, sai tayar ta riƙa kaɗawa. Ramukan cikin unguwa su ke kashe waɗannan. Kuma su ne suka fi haɗari, don gaɓar da ta saki tana iya ficewa ana cikin gudu.

GWAJIN DA DIREBA ZAI YI DA KANSA

Kafin a je gareji, mai mota na iya rage wa kansa rabin aiki. A fara duba iskar tayoyi, a tabbata notoci a ɗaure suke, a shafa kowace taya ko da kumburi. Sa'annan a nemi miƙaƙƙiyar hanya busasshiya, lokacin da babu cunkoso, ba fasinja, ba kaya, a kuma duba madubi kafin kowane birki.

A kai gudun kilomita 80 a saki totur, kada a taɓa birki. In motar ta yi rawa a haka, maganar taya ce ko wilinta, aikin mai daidaita taya ke nan. In kuwa shiru, sai a taka birki a hankali, a sake gwadawa da ɗan ƙarfi, a lura da inda rawar ta fito.

Idan sitiyari ne ke kaɗawa hagu da dama, ciwon yana gaba. Idan sitiyari na nan tsaye, amma kujera da bayan motar ke ɓari, a duba baya, sau da yawa tambur ne ya daina zama zagayayye. Motar da ke da birkin hannu na sanda tana da hanyar tabbatarwa: a gudun da bai wuce 30 ba, a danne maɓallinsa a ɗaga shi sannu-sannu. In aka ji bugu-bugu, baya ne, gama a yawancin motoci birkin hannu ba ya taɓa tayoyin gaba.

A lura kuma da saurin bugun. Wanda ya fito daga faifai ko tambur yana bin juyin taya, yana da sauri a babban gudu, yana raguwa yayin da motar ke lafawa, har a iya ƙidaya shi ɗaya-ɗaya gab da tsayawa. Idan motar na janyewa gefe guda wajen birki, ko ana jin ƙauri, a yi zargin muƙamuƙi. Bayan 'yar tafiya a tsaya a kusantar da bayan hannu ga kowane wili, ba tare da taɓawa ba, don yana iya ƙona mutum. Tayar da ta fi 'yar'uwarta huci, a nan ɓarawon yake. In kuma an ji "ƙwas" a ƙarƙashi a farkon taka birki, ko wajen faɗawa rami, to a nufi gaɓoɓi da robobi.

RAWAR DA BA CIWO BA CE

Akwai wata rawa da bai kamata a kai ta gareji ba. A shekarar 1978 kamfanin Bosch na Jamus, tare da Mercedes, suka fito da na'urar da ake kira ABS, wadda ke hana taya ƙullewa ta yi ta jan ƙasa. Idan ta ji taya na shirin ƙullewa sai ta riƙa sakin birkin tana kamawa sau da yawa cikin daƙiƙa guda, domin direba ya iya ci gaba da juya sitiyari. Tun 2004 kusan duk ƙaramar motar da aka sayar sabuwa a Turai tana da ita.

A nan ƙasar, dokar da gwamnati ta yi a Disamba 2017, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2018, ta hana shigo da ƙaramar motar da ta wuce shekara 5 da ƙerawa. Saboda haka direbobi da yawa da suka ƙware a kan tsofaffin motocin da ake wa laƙabi da "France au revoir" yanzu suna riƙe da masu ABS. Ranar da suka fara yin birkin gaggawa a kan jiƙaƙƙiyar kwalta ko yashi, suka ji takalmin birki na gurnani yana harbin ƙafa, sai tsoro ya sa su ɗaga ƙafa. Wannan babban kuskure ne. Na'urar aikinta take yi. Abin da ake so shi ne a danne da ƙarfi, a riƙe, a kauce wa abin da ke gaba.

Bambanta su ba wuya. Bugun ABS a ƙafa yake, da sauri da ƙara, kuma sai a birki mai tsanani ko wuri mai santsi. Rawar faifai kuwa kullum tana nan, ko a busasshiyar hanya, ko da birki matsakaici. Amma in ABS ta riƙa tashi a ƙaramin gudu a kan kwalta mai kyau, ko fitilarta ta ƙi mutuwa a gaban direba, a sa a duba 'yar na'urar da ke ƙidaya juyin taya, sau da yawa datti ne ko waya ta tsinke.

A GABAN MAKANIKE

Makanike na ƙwarai ba ya yanke hukunci da ido. Zai ɗaga motar, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, ya kama ta hagu da dama ya girgiza, domin ya ji ko akwai wasa a rulma ko rotil. Zai juya ta da hannu ya ji ko birki na riƙe ta. Sa'annan ya cire ta, ya auna kaurin faifan a wurare kamar takwas a kewaye da ma'aunin da ake kira falma, ya kuma ɗora masa agogon awo ya juya, ya ga iyakar karkatarsa. Yawancin masu ƙera motoci ba su yarda karkatar ta wuce wajen kashi 5 cikin 100 na milimita ba. Garejin da ba shi da waɗannan ma'aunai, masu injin gyaran ƙarfe, wato turna, suna da su.

Mai mota na da tambayoyi uku da ya kamata ya yi cikin ladabi: "Maigida, me ka auna? Nawa ya nuna? Me ya jawo shi?" Ta ukun ita ce babba. In ba a gano dalili ba, sabon faifan ma hanyar tsohon zai bi.

Kada kuma mutum ya ce ai motarsa ta ci jarrabawar bizit a SICTA, don haka ba ta da laifi. Injin gwajin yana auna ƙarfin birki da daidaiton hagu da dama a ƙaramin gudu, aiki ne mai amfani ƙwarai. Amma rawar da ba ta fitowa sai faifai ya yi zafi a kan babbar hanyar Arewa, direba ne zai fara jin ta, kuma takarda ba ta tsayar da mota.

GYARA

A jikin kowane faifai an zana iyakar sirantar da zai iya yi, da haruffa MIN TH da lamba a milimita. Idan kaurinsa ya fi wannan lamba da sarari, ana iya kai wa turna ya share fuskokinsa biyu. Idan bayan shara zai faɗa ƙasa da lambar, ko ya tsage, ko ya yi tabon shuɗi mai zurfi, sai sabo. Siririn faifai ba ya ɗaukar zafi.

Ana sake faifai biyu-biyu ne, hagu da dama tare, da sababbin faranti. Wanda ya sake gefe ɗaya ya sayi motar da za ta riƙa janye shi gefe. Kafin a ɗaura, a kankare mazaunin da burushin ƙarfe har ya yi fes, a wanke man da aka shafa wa sabon faifai a masana'anta, a zare sandunan muƙamuƙi a goge, a sa musu man da aka yi domin birki, ba baƙin girisi ba, wanda ke kumbura roba. Notocin taya a ɗaure su a tsallake, wannan sa'annan na daura da shi, a ƙarasa da sifana mai awo. Yawancin ƙananan motoci tsakanin 100 da 120 suke so a ma'aunin, littafin motar zai faɗi daidai.

Bayan gyara, sabon birki na bukatar sabo. A yi birki matsakaici daga gudun 60 zuwa 10 kamar sau takwas ko goma ba tare da tsayawa cak ba, a bar shi ya huce ana tafiya, sa'annan a lallaɓa shi har kilomita 200 zuwa 300.

Game da kayan gyara kuwa, kowa ya san cewa kasuwar tsofaffin kayan mota, wato kas, ta rufa wa talaka asiri. Ƙofa, fitila, madubi, duk a saya a can. Amma tsohon faifai sai an auna shi a gaban mai saye, tsohon faranti kuwa a bar shi inda yake. Araha ba ta ado, balle a wurin da rai ya rataya.

RIGAKAFI

A gangara, musamman da kaya, a sauko da giya inji ya riƙe motar, kada a kwanta a kan birki. Bayan birki mai tsanani, in an tsaya, a sassauta ƙafa ko a ja birkin hannu. Kada a watsa wa tayoyi ruwan sanyi a wurin wankin mota da saukowa daga doguwar tafiya, a bari su huce. In an ratsa ruwa da damina, a ɗan taɓa birki a hankali ya bushe. Man birki kuma yana shan laimar iska: sabon mai na DOT 4 ba ya tafasa sai a digiri 230, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155, ran nan sai ƙafa ta nutse ba birki. A sake shi duk shekara biyu.

Wani zai ce duk wannan dogon bayani a kan 'yar karkarwa? To, mu koma ga lissafi. A gudun kilomita 100 mota na cin mita 28 a kowace daƙiƙa. Direban da sitiyari ya girgiza wa hannu, ya firgita ya sassauta ƙafa na rabin daƙiƙa kawai, ya yi asarar kusan mita 14, tsawon motoci uku ke nan. A cikin wannan tazara ake samun ɗan makaranta, ko mai turin baro, ko bayan gbaka cike da mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma in aka gwada da yawan jama'a Afirka ce ta fi kowace nahiya asara. A nan ma, tun Maris 2023 lasin tuƙi ya koma mai maki 12, ana zaftarewa in an yi laifi. Maki yana dawowa, rai ba ya dawowa.

Saboda haka kira na musamman ga masu motocin haya: idan direbanka ya zo ya ce birki na rawa, kada ka ce masa ya fara cika kuɗin yau tukuna. Kwana ɗaya a gareji ya fi wata guda a ofishin 'yan sanda ko gadon asibiti. Masu shirin tafiya gida kuma su gwada birkinsu tun da sauran mako biyu, gama ba a fafe gora ranar tafiya. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya kiyaye hanya, ya sauke kowa lafiya.